Masu Jinyar Ƙwallo Mai Bauɗewa

A duk filin ƙwallon lambu, daga St Andrews na Sikotlan zuwa filayen Kano, Kaduna, Jos da Abuja, akwai wata cuta da ba ta san attajiri ba, ba ta san janar ba. Mutum ya saita ƙwallo tsakiyar fili, ya zabga mata babbar sanda, ta tashi kamar abin kirki, sai can a sama ta canja shawara ta yi kwana dama, ta faɗa cikin bishiyoyi. Dalilin a fili yake: fuskar sanda ta iske ƙwallon a buɗe, tana kallon dama fiye da hanyar da sandar ta biyo, sai ƙwallon ta ɗauki juyin da zai janye ta gefe. Ga bahago kuwa, hagu take nufa. Cutar ɗaya ce, amma majinyata kala-kala ne.

Na farko shi ne Alhaji Sayi-Sabo. A wurinsa hannu ba ya laifi, sanda ce mai laifi. Duk tafiyar da ya yi Dubai sai ya dawo da sabuwa. Dokar wasan ta ce kada jaka ta wuce sanda 14, amma na ɗakinsa sun isa buɗe shago. Sabuwar sandar tana aiki kuwa: da can ƙwallonsa a bakin daji take tsayawa, yanzu sai ta shige can ciki.

Na biyu, Malam Dabara. Ya yi lissafi cewa tunda ƙwallo dama take zuwa, bari ya juya jikinsa hagu su haɗu a tsakiya. Bai san juyawar nan ita ke sa sandar ta ƙara yanko ƙwallon daga waje zuwa ciki ba, juyin ya ƙaru, bauɗewar ta ƙaru. Gobe sai ya ƙara juyawa. In aka bar shi shekara guda, bayansa zai ba ramin.

Na uku, Ɗan Dambe. Maganinsa ƙarfi. Ya damƙe sanda har jijiyoyin wuya su fito, ya kai duka da nishi. Ƙwallo ba ta jin tsoro. Iyakar ƙarfin da aka ba ta, iyakar nisan da za ta yi a hanyar da ba ita ba. Masu tafiya a ramin maƙwabta sun san shi, da ya ɗaga sanda sai kowa ya dafe ƙeya.

Na huɗu, Almajirin YouTube. Daren jiya ya saurari malamai bakwai, kowa da fatawarsa. Wannan ya ce a matse gwiwar hannu, wancan ya ce a sake ta. Wani ya ce ƙugu ya fara juyawa, wani ya ce kafaɗa. Sai ya tsaya kan ƙwallo yana bitar karatu, leɓe na motsi, har na bayansa su fara duba agogo. Ya gama tilawa, ya buga, ta tafi inda ta saba.

Na biyar, Sarkin Uzuri. Da hunturu iska ce, da damina laima ce, da bazara gumin hannu. In babu ko ɗaya, wani ne ya yi tari, ko yaron da ke ɗaukar jakarsa ya taka busasshen ganye. Yaron kuwa, wanda ya san inda ƙwallon za ta faɗa tun kafin a buga, sai ya sunkuyar da kai ya ce, “Gaskiya ne, ranka ya daɗe, iskar yau ba ta da kirki.”

Na shida, Da-Gangan-Na-Yi. Shi ba cuta gare shi ba, salo ne. Zai tuna maka cewa Jack Nicklaus, mai manyan kofuna 18, shi ma ƙwallonsa takan ɗan karkata dama. Haka ne, sai dai ta Nicklaus tana karkata taku kaɗan ta sauka inda ya nufa, tasa kuwa sai an tura yaro ya tsallaka shinge. Tabarmar kunya, da hauka ake naɗe ta.

Na bakwai, Mai Sa’ar Aljihu. Tun 2019 doka ta rage lokacin neman ɓatacciyar ƙwallo daga minti 5 zuwa 3; in ba a gan ta ba, a ƙara wa mutum bugu ɗaya, ya koma inda ya buga. Shi kam bai taɓa cika minti biyu ba. Ya shiga ciyawa, ya waiga, ya gyara wando, sai ka ji, “Alhamdu lillahi, ga ta nan!” Abin mamaki, ta shiga daji da lamba 2, ta fito da lamba 4.

Na takwas, Wanda Ya Warke Fiye da Kima. Ya murɗa hannuwansa kan sanda har ƙwallon ta daina zuwa dama, ta koma tsere hagu ƙasa-ƙasa. An yi gudun gara, an faɗa gidan zago. Kada ya karaya: irin wannan ce ta wahalar da Ben Hogan shekaru kafin ya zama gwarzo.

Na ƙarshe, kuma mafi yawa, Likitan da Ba a Kira Ba. Ƙwallonsa uku suna kwance a kududdufi, amma yana biye da kai yana cewa, “Ɗan’uwa, ka ɗaga kai da wuri.”

Maganin gaskiya ba shi da armashi, shi ya sa kasuwarsa ba ta ci. Badame ya juya hannun hagu kan sanda har ya ga gaɓoɓin yatsu biyu ko uku, ya daidaita kafaɗu da inda ya nufa, ya koyi kawo sanda daga ciki, ya rage ƙarfi, sannan ya maimaita a wurin atisaye har hannu ya saba. Kuɗin sanda ɗaya na Alhaji Sayi-Sabo ya isa biyan ƙwararren mai koyarwa darussa da dama. Mai karatu, in ka duba jerin nan ba ka ga kanka ba, tambayi yaron da ke ɗaukar jakarka, amma ka fara biyansa haƙƙinsa kafin ya ba ka amsa.