Jaki Mai Mura

Tun da aka ce min akwai 'yar na'ura kamar wayar hannu mai ƙara wa injin mota ƙarfi, barci ya ƙaurace min. Ana soka ta a wata kafa mai ramuka 16 ƙarƙashin sitiyari, wadda Amurka ta wajabta wa motoci tun 1996. Motata 'yar Kwatano ce: kafar tana nan, sauran lafiya sai addu'a.

Na gangara Dilimi, nan Jos, neman na'urar. Wani ya miƙo mai araha: tana faɗin ciwo, ba ta magani. Wani ya fito da mai tsada, ya ce da ita zan haye Hawan Kibo a giya ta huɗu ina shan rake.

Bakanikena na Farin Gada ya zaro fulogi baƙi ƙirin, ya hura.

"Alhaji, Jos fa ta ɗara teku da mita 1,200. Iskarmu ba kauri, injin ma haki yake. Sukuwa kake nema, jakinka kuwa mura yake."

Na sayi mai arahar. Yanzu kullum asuba, cikin sanyin hunturu, tana zayyana min dalilin da motar ta ƙi tashi. Yara na turi, ni ina karatu.