Jirgi Ya Sauka, Hankali Ya Tashi

Daga Legas zuwa Kano tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce a jirgin sama. A tsawon wannan lokaci sai ka rantse da salihan bayi kake tafiya: wani na jan carbi, wani na gyangyaɗi, wata ta lulluɓe fuska da mayafi, kowa ya kama kansa. To, bari taya ta daki ƙasa a filin jirgin Malam Aminu Kano. Ma'aikaciyar jirgi ba ta rufe baki ba wajen roƙon kowa ya zauna har a kashe fitilar ɗamara, sai ka ji ƙas-ƙas-ƙas, ana ɓalle bel kamar ana ɓarar gyaɗa. Tun 1925 jirgin sama ke sauka a Kano, shekara ɗari ke nan, amma har yau fita daga cikinsa ta gagare mu.

Ga yadda abin yake. Jirgi irin Boeing 737 kujera shida yake da ita a kowane layi, uku dama uku hagu, da ɗan lungu ɗaya a tsakiya wanda mutum biyu ba sa jerawa a cikinsa. Fasinja sun fi ɗari. Ƙofa kuma ba ta buɗuwa sai jirgi ya isa wurin tsayawarsa, an kashe inji, an sa wa taya waigi, an turo matakala. Duk wanda ya taɓa hawa jirgi sau biyu ya san wannan. Sanin ne dai bai hana kowa komai ba.

Na farkon tashi shi ne Malam Zabura. Jirgi na cikin tafiya a ƙasa ya miƙe, bai damu da cewa matuƙi na iya taka birki ya tsinci kansa a cinyar surukin wani ba. Idan kujerarsa a bakin lungu take, da sauƙi. Abin tausayi shi ne wanda ke jikin taga. Ya tashi, ma'ajiyar kaya ta tokare masa kai, ba halin miƙewa, girman kai kuma ya hana shi komawa ya zauna. Haka zai yi minti goma a sunkuye, wuya a karkace, ruku'u babu lada. Ka ce masa, "Malam, ai da ka zauna, ba a buɗe ba tukuna," ya harare ka ta ƙarƙashin hammatarsa ya ce, "Ƙafata ce ta yi sanyi."

Kusa da shi akwai mai shela. Shi ba ya tashi, waya yake kunnawa. "Assalamu alaikum! E, mun sauka. A'a, muna ciki. Na ce muna CIKI! Ka ce wa direba ya matso. Tuwon me aka yi?" Kafin a buɗe ƙofa, mutanen layi biyar sun san sunan uwargidansa, da bashin da yake bin wani ɗan Kantin Kwari, da cewa miyar kuka ba ta yi masa da daddare.

Wanda ya fi ba ni haushi, kuma na daɗe ina nazarinsa, shi ne ɗan kutse. Kujerarsa tana can ƙarshe, jikin banɗaki. Amma da jirgi ya tsaya sai ka gan shi a layi na takwas, jaka a ƙirji, yana ratsa mutane da kafaɗa yana "afuwan, afuwan, a gafarce ni." Afuwan ɗinsa ba neman izini ba ne, hon ne. Idan wani ya tare shi sai ya ce akwai jirgin da zai kama. Ƙarfe goman dare, a Kano, wane jirgi? Gaskiya akwai masu irin wannan uzuri, musamman a manyan mahaɗa kamar Addis Ababa ko Alƙahira, inda jinkirin minti ashirin kan sa mutum ya kwana a kan benci. Irin wannan idan ya yi bayani, kowa zai kauce masa da zuciya ɗaya. Ɗan kutse shi ya ɓata musu suna. Za ka same shi daga baya a waje yana cinikin tasi a natse, har yana neman ragin ɗari biyar.

Akwai kuma kishiyarsa, mai komawa baya. Yana layi na huɗu, amma da yake ya shigo a makare, jakarsa tana layi na ashirin da biyu. Maimakon ya jira a ragu, sai ya fuskanci jama'a gaba da gaba, kamar mai keken da ya shiga hannun da ba nasa ba a Ƙofar Wambai ranar jajiberin Sallah. Wani lokaci sai ya tsaya daga nesa yana ba da umarni: "Ɗan'uwa, baƙar nan. A'a, ɗaya baƙar. Miƙo min ita." Jakunkunan duk baƙaƙe ne.

Mai sauke akwati a kan jama'a ba ya buƙatar dogon bayani. Ana gargaɗi cewa kaya na iya gocewa a ma'ajiya yayin tafiya, a buɗe a hankali. Shi yana fizgowa ne kawai, kilo goma sha ya sauka a kan hular wani, ya ce, "Au, sannu."

Sai Alhaji, Allah ya ƙara masa lafiya. Alhaji bai yi gaggawa ba, bai ture kowa ba, ya zauna har layinsa ya zo. Nan ne fa ya tuna bai shirya ba. Ya miƙe a tsakiyar lungu, ya saɓa babbar riga ta dama, ya saɓa ta hagu, ya cire hula ya duba karinta ya mayar, ya laluba aljihu yana neman tabarau wanda ke kan hancinsa. Gabansa fili fetal har ƙofa, bayansa mutum tamanin suna haɗa gumi, don an riga an rage sanyin jirgi. Ba mai iya magana, sai wani yaro ya yi ƙarfin hali: "Ranka ya daɗe, ko in riƙe maka jakar?" Alhaji ya ce, "Bari dai, yaro, akwai takalmina ɗaya a ƙarƙashin kujera." Hajiyarsa na biye da leda huɗu da kwalin da aka ɗaure da igiya, ko ta yaya aka bar ta ta shigo da su, Allah masani.

Dukkansu fa wuri ɗaya za su. Idan ranar da bas ke jira a gindin matakala ce, wanda ya riga kowa fita shi ake dannawa can ƙurya, ya tsaya yana jiran na ƙarshe. Na ƙarshen nan kuwa wani dattijo ne da na sha gani, ko irinsa. Yana zaune abinsa har jirgi ya zama wayam, ya tashi ya ɗauki 'yar jakarsa, ya yi wa ma'aikata sannu da aiki, shi kaɗai ma ke yi musu. Shi ne na ƙarshen shiga bas, saboda haka yana bakin ƙofa, shi ne na farkon sauka. A wurin karɓar kaya kuma a sake haɗuwa gaba ɗaya, Zabura da ɗan kutse da Alhaji, a yi cirko-cirko ana kallon bel ɗin da ko motsi bai fara ba. Sauri ya haifi nawa.

Tsarin da ake bi ba wuya gare shi ba: layin gaba ya fita, na bayansa ya biyo, wanda ya shirya ya wuce, wanda bai shirya ba ya koma gefe, mai jinjiri da tsoho da maras lafiya a taimaka musu. Ko a masallacin Juma'a mutum ba ya tsallake sahu goma don ya riga kowa ɗaukar takalmi. To, wasu na yi, amma mun san sunan da muke kiransu.

Kada in cika baki. A tafiyata ta ƙarshe ina jikin taga, na yi niyyar zama irin na dattijon nan. Da na ji ƙas-ƙas ɗin nan ta ko'ina, ban san lokacin da na miƙe ba, sai da kaina ya gwaru da ma'ajiya. Wuyana ya kwana biyu yana ciwo. Idan Allah ya haɗa mu a jirgi ka ga na fara yunƙurin tashi, don Allah ka ja min riga.