Albasarmu Ta Kai Abidjan, Ribar Fa?

Kai, Alhaji, mu mutanen Ƙwanni da Galmi ai ba mai koya mana noman albasa. Duk wanda ya bi babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi a watan Maris ko Afrilu ya ga buhuna jere tun daga Tsarnawa har Galmi, kowane da hularsa, 'yan dako na ta lodi, manyan motoci na shirin Kumasi, Accra, Abidjan ko Kwatano. Sunan Galmi ma shi irin ya ɗauka ya shiga duniya.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke sayarwa. Tare muke dasawa, tare muke cirewa, tare kuma muke kwararowa kasuwa, sai farashi ya faɗi ƙasa warwas. Me ya sa? Bashin taki da na man injin ban ruwa na bisa wuya, mai bashi kuwa ba ya jira. Wanda ya iya zuba tasa a rudu, wato rumbun albasa, ya haƙura har bayan damina, shi ke kwasar kuɗin, ko da yake shi ma in rudun na yoyo ko iska ba ta ratsa shi, ruɓa za ta ci rabonta.

Sai maganar buhu, Malam. Har yau da ido muke ciniki, ba da sikeli ba. Dillali ya ce a ƙara, a danna, a ɗora hula, manomi na tsaye yana kallon guminsa na tafiya kyauta. Manya da ƙanana kuma duk a haɗe, alhali da an ware su, kowace da kuɗinta.

Hanya ma ta koya mana darasi. Najeriya ta rufe iyaka a Agustan 2019, ba ta buɗe ba sai Disamban 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufewa, hanyar Benin ta toshe. Wanda mai sayensa ɗaya ne, hanyarsa ɗaya, shi ya fi shan wuya. Albasa ba simintin Malbaza ba ce da za ta yi kwanaki cikin mota a rana ba ta canza ba.

To, ai maganin na hannunmu. Mu biyar ko goma mu haɗa kuɗi mu gina rudu mai kyau, mu sayi sikeli guda, mu ɗauki mota tare maimakon kowa ya jira ɗan kamasho. Kafin a yi lodi a buga waya Kumasi a ji farashi, a kuma nemo kayan da motar za ta dawo da su. Yaran da muka sa makaranta su riƙe mana littafi: nawa aka kashe, nawa ya ruɓe, nawa ya shigo. Masu dabbobi a Badagishiri da masu hatsi a Illela, wannan magana ta shafe ku. Bana, tun kafin a fara dashe, mu zauna mu yanke shawara.