Masu Sayen Zakara da Masu Sayen Labari

A Madabo, unguwar da tun zamanin Wangarawa aka san ta da karatun fiƙihu, ba girman rawani ake dubawa a san malami ba. Tambaya ake yi: a gaban wa ya durƙusa, shi kuma wancan a gaban wa? Da masu sha'awar kajin ado na cikin birni za su ari wannan tambaya, da an rage asara da yawa a sorayen Kano. Wanda ya sayi kazar miya, abin da ya ɗaga ya ji nauyinsa shi ya saya. Wanda ya sayi kazar iri kuwa, kuɗinsa na kan 'yan tsakin da ba a ƙyanƙyashe ba tukuna, kuma su ba a jikin zakara ake ganinsu ba, a gidan da ya fito ake gani: iyayensa, 'yan uwansa, da halin mai kiwonsa. Yawancin mutanen da za su biyo baya, kowa da hanyar da yake bi ya kauce wa wannan magana.

Na gaba-gaba shi ne Mai Sayen Hoto. A waya yake kiwonsa. Ya ga zakaran Brahma a Facebook ko TikTok, an kwantar da kyamara a ƙasa dab da ƙafarsa mai gashi, an tsayar da yaro can baya, sai ka rantse zakaran ya fi yaron tsawo. Kafin la'asar ya tura kuɗi. Bayan kwana biyu a kira shi tasha, a miƙo masa kwali mai huji huɗu, a ciki ga wani abu ya saki fukafukai, hanci na yoyo. In ya buga waya ya yi ƙorafi, amsar a shirye take: "Alhaji, gajiyar hanya ce, a ba shi gulukos." Bayan mako guda ta koma "canjin ruwa ne", bayan wata guda kuma layin ya daina shiga. Cinikin biri a sama ke nan, kuma dabarar ba sabuwa ba ce. Littattafan da ake karantawa a zaurukan Madabo sun yi bayanin mai ƙin tatsar akuya ko raƙuma na wasu kwanaki don hantsarta ta cika ta ruɗi mai saye, suka ba wanda aka ruɗa damar mayarwa. Sai dai mayarwa tana buƙatar a san ƙofar gidan da za a ƙwanƙwasa.

Sai Malam Lissafi, wanda ba ya rabuwa da biro. Kaji biyar, kowacce ƙwai ɗaya kullum, kowane ƙwai ɗan tsako, kowane ɗan tsako kuɗi kaza. Kafin ya kai ƙasan takarda ya biya kujerar Makka. Abin da biron bai rubuta ba shi ne Brahma ba ta da gaggawa: takan haura wata shida kafin ta fara ƙwai, kuma ko a inda ta ji daɗi abin da take yi a shekara bai wuce wajen 150 ba. Tulin gashin da ya sa ake sha'awarta rigar sanyi ce, ga shi a watan Afrilu zafin Kano yakan kai digiri 40. Ƙwan kuma kwana 21 yake so a injin ƙyanƙyasa ba tare da ya huce ba, a garin da wutar lantarki ba ta yi wa kowa alkawari ba. Malam Lissafi yana da ƙane, Mai Wayo, wanda ya lura Noiler tana saurin girma, ya ce to me zai sa ya riƙa saye, bari ya haɗa mace da namiji ya riƙa fitar da nasa. Kajin kamfani irin wannan haɗi ne na zaɓaɓɓun iyaye da kamfanin ke riƙe da su a gonarsa. In aka haɗa 'ya'yan da junansu, jikokin sai su watse, wani babba, wani tsamurarre, kowa ya ɗauko wani kaka. Ba zamba aka yi masa ba. Haka haɗin yake.

Wanda ya fi ba da tausayi shi ne Mai Gaskiyar Ƙarya. Ya sayi kaza 'yar asali da tsada, ya ga bai kamata a tsare baiwar Allah a keji ba, ya sake ta ta sha iska a tsakar gida. Gidajen cikin birni kuwa katanga ɗaya ke raba su, kuma a bayan katangar akwai wani jan zakara siriri wanda bai taɓa ɗanɗana abincin buhu ba, amma ya san duk wata kafa da ke lungun. Kaza tana iya riƙe abin da ta samu daga zakara har mako biyu ko fiye tana zuba ƙwai da shi. Ziyara ɗaya ta wadatar. Mutumin nan zai dafa ƙirji ya ce wa mai saye "wallahi orijina ne, uwarsu ga ta nan", kuma bai yi rantsuwar ƙarya da saninsa ba. Ruwa-biyun da suka cika gari, da yawansu daga hannun mutanen kirki suka fito.

Akwai kuma Likita, wanda daga tasha kai tsaye yake jefa baƙuwar kaza cikin garkensa don su saba. In suka fara gyangyaɗi da hunturu, sai ya fasa ja-da-yalo a ruwa, ya ƙara barkono. Cutar Newcastle, wadda ke share kajin unguwa a lokacin sanyi, ba ta jin kafso. Rigakafi take ji, irin wanda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ke yi. Wanda ya ga murar tsuntsaye ta 2006, wadda aka fara tabbatarwa a wata gona a Jaji kafin a ji ta a gonakin Kano, bai kamata a koya masa ware baƙo na mako biyu ko uku ba. Amma Likita yana ganin warewa rashin karɓar baƙi ne.

Masu sayarwa ba sa buƙatar dogon bayani. Ga Daga Waje, wanda kowace kazarsa ta hau jirgin sama amma ba ta da takarda ko ɗaya. Ga Ba Na Sayarwa Ba Ne, wanda sai ka roƙe shi sau uku kafin ya karɓi ninkin kuɗin, yana cewa "don dai kai ne, ranka ya daɗe". Ga dillali, wanda bai taɓa share kashin kaji ba amma ya san kakan kowane zakara.

Can gefe kuma ga Mai Ƙa'ida, mutumin da ba a cika son zuwa gidansa ba. Zai tsayar da kai a soro ya tambaye ka ko ka biyo ta wurin 'yan kaji yau, ya sa ka tsoma takalmi a ruwan magani, ya hana ka taɓa komai. Zai nuna maka uban, ya nuna maka uwar, ya ɗauko wani tsohon littafin makaranta da ya rubuta ranar ƙyanƙyasa da ranar rigakafi. Zai buɗe bakin zakaran, ya shafa ƙashin ƙirjinsa ka ji ko a miƙe yake, ya baza yatsun ƙafar, sannan da bakinsa ya faɗa maka aibin da ba ka gani ba. In ka ce a haɗa maka mace da namiji daga kwanci ɗaya, sai ya ƙi, don ya san auren wa da ƙanwa in ya yi ta maimaituwa ƙwai yakan rage fashewa, 'yan tsaki su riƙa fitowa da rauni. Ba ya yin ragi, ba ya murmushi da yawa, kuma sau da yawa abin da kake so sai ka jira shi wata biyu.

Za a ce ai ado ake nema, kuma ado ido ne alƙalinsa. Gaskiya ne, babu laifi mutum ya ajiye abin da zai kalla ya ji daɗi bayan sallar asuba. To amma a inda aka ƙirƙiro wannan sana'a ma ba a bar wa ido kaɗai ba. Brahma a Amurka aka fitar da ita daga manyan kajin da aka kawo daga Shanghai, kuma lokacin da George Burnham ya aika wa Sarauniya Victoria guda tara a 1852 farashi ya yi tashin gwauron zabo. Shi kansa Burnham ya rubuta littafi a 1855 yana ba'a ga wannan zazzaɓin kaji da ya ci riba da shi. Bayan hayaniyar ne masu kiwon Amurka suka fitar da rubutaccen ma'auni a 1874, wanda alƙalan gasa ke bi. Kuma ko zakaran da ya ci gasa, shaidar da aka ba shi ta kyan jikinsa ce a ranar. Ba ta ce 'ya'yansa za su gaje shi ba. Za a kuma ce kazar Hausa ta fi, durgu da fingi ba su taɓa neman fanka ba. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya, don ƙwan mai tsada sau da yawa a ƙarƙashinta yake ƙarewa in wuta ta ƙi. Mai son ƙwai zalla kuma yana da Shika Brown, wadda cibiyar binciken dabbobi ta Shika a Zariya ta fitar don yanayinmu. Sai dai mai son Brahma ba ƙwai ya fito nema ba, kuma ba a yi masa maganin sha'awa da lissafin kiret.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne tsada: Mai Ƙa'ida yana tsuga kuɗi. Dalilin yana cikin abin da ba ya sayarwa. A kowane kwanci kaɗan ne ke cika sharaɗin zama iri. Sauran, mai karkataccen yatsa da mai gurɓataccen launi, ya ciyar da su wata da watanni kuma na tukunya ne. Kuɗin abincinsu yana kan wanda ka saya. Shi ya sa in dillali ya zo gab da Sallah yana cewa a ba shi waɗannan da araha, na miya ne kawai, Mai Ƙa'ida yakan ce to, ya aika yaro ya ɗauko wuƙa a yanka a gabansa. Ya san in suka fita da rai, kafin magariba an kwantar musu da kyamara a ƙasa.