Hunturu Ya Zo, Kara Ya Samu

Mu dai a layinmu ba sai an duba kalanda ake sanin Disamba ta kama ba. Da ka ga hazo ya rufe gari, leɓe ya fara tsagewa, yara na gudun wankan safe, sannan mai amalanke ya sauke damin karan dawa a ƙofar gidan mai ƙosai, to masu ƙera motoci sun samu kayan aiki.

Don girki aka sayo karan, amma kafin ya kai murhu yara sun zare rabonsu. Da hantsi, in rana ta ɗan yi ɗumi, sai ka gan su jere a gindin katanga, kowa cikin rigar sanyi, ƙafa fari fat da ƙura. Manyan ne ke ɓare kara. Su tsaga ɓawon siri-siri, su yanka totuwar gunduwa-gunduwa, ƙananan kuma su yi ta soka wannan cikin wancan. Ba ƙusa, ba gam. Totuwar tana da laushi, ɓawon yana da tsini, shi ke nan sirrin. Taya kuwa daga tsohon silifas ake yanko ta, ko a goge sakaina a dutse har ta yi da'ira.

Ɗan shekara 4 ba zai iya mota ba, kuma bai kamata a matsa masa ba. Shi tabarau ake fara koya masa: a lanƙwasa ɓawo biyu, a haɗa su da guntun totuwa a tsakiya, a maƙala masa a hanci. Ku zo ku ga tafiyar ƙasaita! Jiya wani ya shigo mana zaure da nasa, ya ce, "Inna, yau ni ne likita, kawo hannunki."

'Yan mata kuma gidan tela suke yi wa sintiri, suna roƙon ƙyallaye. Kara guda, ƙyalle biyu da zare, an yi 'yar tsana har da ɗankwali da goyo. Masu son zane a jiƙa musu zoɓo su samu ja, shunin wanki ya ba su shuɗi, gawayi ya ba su baƙi, a miƙa musu bayan kwali.

Yumɓu ne kawai ke ba mu ciwon kai a wannan lokaci. Yaro zai wuni yana gina sa mai tozo da ƙaho, ya shanya a fili, iskar hunturu ta busar da bayan tun cikin bai bushe ba, da safe a tarar ya tsage, sai kuka. Kakar yaran gidanmu ce ta ce a riƙa ajiyewa a inuwa, a kifa tsohuwar ƙwarya a kai. Tun daga nan shanunmu suka daina mutuwa.

Abu biyu ne ba ma wasa da su. Ɓawon kara yana yanka kamar reza, ga hannu ya riga ya bushe, don haka babba ya zauna kusa, a kuma shafa musu man kaɗanya kafin su fara. Na biyu wuta. Busasshen kara ga iska, tartsatsi ɗaya ya isa. Inda ake jin ɗumi daban, inda ake ƙira daban.

Maƙwabta, in an kawo kara bana, don Allah a ware wa yara ko guda goma kafin a kai madafa.