A Jinjina wa Uwar Mai

Rashin godiya ya yi wa 'yan Najeriya katutu. In ba haka ba, yaya za a yi mace kamar Diezani Alison-Madueke ta shekara goma tana shan sanyin Landan, babu ko titi ɗaya da aka raɗa wa sunanta a Kaduna, garin da ke da matatar mai?

A dubi tausayinta tukuna. A 2007, tana ministar sufuri, ta je duba hanyar Benin zuwa Ore, ta ga ramukan da ke cin rayukan matafiya, sai ta fashe da kuka a gaban 'yan jarida. Wane minista ya taɓa ba mu hawaye kyauta? Direbobi sun ci gaba da faɗawa ramukan, amma dai da sanin cewa an yi musu kuka.

Da Goodluck Jonathan ya danƙa mata ma'aikatar man fetur a 2010, Allah ya buɗe wa ƙasar nan ƙofar arziki, gangar ɗanyen mai ta haura dala 100 ta daɗe a can. Wata marar hangen nesa da sai ta ɓarnatar da kuɗin wajen gyaran matatu. Ita kuwa ta san darajar alkawari, ta san abu ne da ake adanawa. A zamaninta aka rattaba hannu da 'yan China kan gina sababbin matatu uku a Legas da Bayelsa da Kogi, kuma har yau suna nan ƙalau a takarda, ko tsatsa ba su yi ba.

Sai tarbiyya. Ranar 1 ga Janairun 2012 aka yi wa talakawa barka da sabuwar shekara, litar fetur ta tashi daga naira 65 zuwa 141. Mutane suka fito tituna daga Legas har Kano, saboda ba su gane gatan ba. Kwamitin Faruk Lawan ya gano cewa a 2011 an kasafta wa tallafin mai naira biliyan 245, amma abin da ya fita ya zarce tiriliyan 2. Wannan ai kyauta ce irin ta manya, ba ruwanta da ƙidaya. Kananzir kuwa an ce naira 50 ne. Matar da ta yi sammako da galan ɗinta, goyo a baya, ta wuni a layin gidan mai, da yamma ta koma wajen ɗan bumburutu ta saya ninki biyu ko uku, ta samu darasin haƙuri wanda ba a koyarwa a jami'a. Shi ko Sanusi Lamido Sanusi, da ya ce dala biliyan 20 ba su shiga asusun gwamnati ba, dakatar da shi aka yi daga Babban Banki a Fabrairun 2014, don ya koyi ladabi. A ƙarshen shekarar aka zaɓi Diezani shugabar OPEC, mace ta farko.

Kuma ba ta manta da mu ba. A 2017 kotu a Legas ta mallaka wa gwamnati dala miliyan 153 da EFCC ta danganta da ita, da wani dogon bene a Banana Island. A 2019 aka ƙara da kayan ado na dala miliyan 40: awarwaro 419, agogon hannu 189, har da wayar iPhone ta zinariya. Hannu biyu Allah ya ba ta kamar kowa, don haka ajiya ce take yi wa ƙasa, ba wani abu ba.

Ita dai ta sha musanta aikata laifi, shi ya sa ya kamata a ba ta damar wanke kanta a gaban waɗanda suka amfana. A dawo da ita gida, a fara kai ta matatar Kaduna, daga nan a wuce da ita kotu.