Ire-iren Masu Riƙon Mabuɗin Uwar Garke

Tun daga 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, ɗakunan injuna suka yawaita a ƙasar Zazzau, har ya zamana daga Ikara zuwa Makarfi zuwa Hunkuyi, hedikwatar Kudan, ba a rasa matashin da jama'a suka yi wa laƙabi da Injiniya. Inda injuna suka taru kuwa akan naɗa musu shugaba, watau uwar garke mai riƙe da diwanin sunaye, wadda ke tantance wanda zai shiga da iyakar abin da ya halatta ya taɓa. Wani yakan kafa ta da Active Directory na kamfanin Microsoft, wani da OpenLDAP wanda ba a biyan ko anini. Abin al'ajabi, mutumin farko da takan hana shiga galibi shi ne wanda ya kafa ta, kuma a wannan sa'a halin kowa ke bayyana.

Na farko shi ne Mai Rantsuwa, wanda ya zaɓi kalmar sirri da hantsi ya manta da ita kafin azahar, amma ya gwammace ya rantse da girman Allah ita ce wannan da ya yarda hardarsa ta zube. Yakan buga ta, ya sake bugawa da ƙarfi, yana zaton na'ura kurma ce, alhali fitilar maɓallin manyan baƙaƙe na nan kunne a gabansa tun safe, har dokar kulle da shi da kansa ya gindaya wa masu kuskure ta faɗa a kansa.

Na biyu Mai Ɓata Nasaba. Shi wannan kalmarsa daidai take, sunansa ne da gyara, domin diwanin OpenLDAP ba ya sanin mutum sai da cikakkiyar nasaba, tamkar baƙon da ya yi sallama a ƙofar hakimi da dare, wanda ba a buɗe masa sai ya faɗi ko shi ɗan wane ne, na gidan wane, daga wace gunduma. In ya saɓa wa sunan da aka raɗa ran kafawa ko da harafi guda, sai OpenLDAP ta amsa masa da lamba 49, wadda ita ce amsarta ga mai kuskuren kalma ma. Saboda haka yakan yini yana sauya kalmar da ba ta ci ba ba ta sha ba.

Na uku Mai Ɗora Laifi, wanda kafin ya zauna ya riga ya yanke hukunci cewa sabis ne babu, ko kuwa masu wuta ne suka ƙona wani abu. Da zai ɗaga ido ya dubi agogon injin, da ya ga ɗan batirin cikinsa ya mutu, lokaci ya koma shekarun baya. Tsarin Kerberos kuwa, wanda Active Directory ke tantance mutane da shi, bisa al'ada ba ya yafe saɓanin da ya wuce minti 5 tsakanin agogon injin mai shiga da na uwar garke. Ga shi an samu alƙalin da ba ya karɓar uzurin latti, abin da ma'aikatan sakatariya ba su taɓa gamuwa da irinsa ba.

Na huɗu Mai Rowa, watau Oga, wanda ya riƙe kalmar shi kaɗai don kada a raina shi, ya rubuta ta a takarda ya soke a aljihun babbar riga, sa'an nan ya tafi Makarfi cinikin rake ya kashe waya. In an yi dace ya dawo da la'asar aka ce, "Ranka ya daɗe, kalmar fa?" sai ya ce a dakata tukuna, rigar tana wurin mai wanki.

Na biyar Mai Rushewa, wanda magani guda ya sani ga kowace cuta: a goge komai a sake daga farko. Yakan kwana yana aiki da janareta, man ofis na ƙonewa, ya maimaita ainihin kuskuren jiya ba ragi ba ƙari, gari ya waye ya nemi kuɗin wahala.

Na ƙarshe, wanda ya fi su ƙaranci, shi ne Mai Muɗala'a. Ya san cewa na'ura tana da littafin da take rubuta hujjarta duk sa'ad da ta ƙi mutum, sai ya buɗe ya karanta a natse, ya daidaita agogo ko ya gyara harafi, cikin ɗan lokaci ƙofa ta buɗe. Sai dai da yake bai yi gumi ba, bai kuma ɗaga murya ba, Oga yakan ɗauka aikin da ma ba wani abu ba ne, ya sallame shi da "Allah ya yi albarka", kwangila ta gaba kuwa ya miƙa wa Mai Rushewa, wanda kowa ya shaida ya kwana bai runtsa ba.